Kafin Ka Ba Na'ura Amanar Kasuwancinka, Tambayi Wanda Ya Tsaya Mata

Daga Wakilinmu na Arewa

Tun daga farkon shekarar 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo a ƙasar nan, cinikin da ke gudana tsakanin Arewa da Kurmi ya sake kama. Kuɗin shanun da ake sayarwa a Kara da Oko-Oba, da na tumatir da albasar Mil 12, da na goron Shagamu, waɗanda a da akan ƙulle a lalita a hau mota da su, yanzu galibinsu ta cikin wayar salula suke bi. Ba a gama sabawa da wannan ba, sai ga wani sabon baƙo wanda ake kira ƙirƙirarriyar basira, ko AI a taƙaice, watau manhajar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa tamkar ɗan Adam. Yau 'yan talla suna bin 'yan'uwanmu rumfa-rumfa a Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, wannan da na'urar POS, wancan da manhajar rubuta bashi, wani kuma da alkawarin cewa na'ura za ta riƙa juya maka kuɗi kana barci. Saboda haka ya kamata mu tsaya mu duba ma'aunin da ɗan kasuwa zai auna waɗannan abubuwa da shi, domin jarin mutane ne a ciki, sau da yawa ma jarin da ba na mai riƙe da shi ba.

Mai karatu zai tuna yadda abin ya faro. A watan Oktoba na 2022 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka janye tsofaffi, sababbi kuwa ba su wadata ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga watan Maris na 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A cikin waɗannan makonni ne mutumin da bai taɓa yarda da banki ba ya buɗe asusu a waya, domin tumatir ba ya jiran kowa. Abin lura a nan shi ne, gwamnati tana da nata kuɗin na waya mai suna eNaira, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2021, amma jama'a ba su rungume shi ba. Wajen kamfanoni irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka nufa, don sun ga kuɗi na shiga nan take. Wannan ya nuna ɗan kasuwarmu ya san abin da ke yi masa aiki. Sai dai zaɓen da aka yi cikin matsi, ba a samu sukunin bincike ba. Yanzu da ƙura ta lafa, lokacin binciken ya yi.

WA YA TSAYA MATA?

Iyayenmu da suka kafa zango-zango a Kurmi, kamar Sabon Badun da aka kafa a 1916, suna da ƙa'ida guda wadda ta riƙe fataucin shanu da goro shekara da shekaru. Baƙo ba ya sauke kaya sai a gidan maigida ko fatoma. Mahauci ba ya ɗaukar sa bashi sai dillali ya san shi, ya san rumfarsa, maigida kuma ya tsaya. Idan kuɗi suka maƙale, an san ƙofar da za a buga. Wannan tambaya ta "wa ya tsaya masa?" ita ce ta farko da za a yi wa kowace manhaja ko na'ura, domin ita ma baƙuwa ce da ta zo neman amana.

A harkar kuɗi, mai tsayawa shi ne lasisin Babban Banki da kuma inshorar hukumar NDIC, wadda ke biyan masu ajiya idan banki ya rushe. A watan Mayu na 2024 hukumar ta ɗaga abin da take biya zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, da naira miliyan 2 a ƙananan bankunan ba da rance. To, waɗansu daga cikin sunayen da muka saba gani a jikin POS lasisin ƙaramin banki gare su, waɗansu kuma lasisin tura kuɗi ta waya, kowanne da iyakarsa. Wajibi ne mai asusu ya tambaya wane iri ne nasa. Kuɗin tirelar shanu guda ya ninka miliyan 2 sau da yawa, saboda haka wanda ya bar su suka kwana makonni a asusu ɗaya ya san kasadar da ya ɗauka. Kada kuma a ce babban banki ba ya faɗuwa. Ran 3 ga watan Yuni na 2024 aka soke lasisin bankin Heritage. Har zuwa miliyan 5 na kowane mai ajiya aka fara biya, abin da ya haura haka kuwa sai da masu shi suka jira a sayar da kadarorin bankin.

Inda babu mai tsayawa ko kaɗan, nan ne ake kuka. A watan Afrilu na 2025 wani dandali mai suna CBEX ya rufe da dukiyar mutane masu ɗimbin yawa. Alkawarinsa shi ne zai ninka kuɗi cikin kwana 30, wai ƙirƙirarriyar basira ce ke yi masa ciniki. Hukumar kula da hannayen jari ta ƙasa ta ce ba ta yi masa rajista ba, a Badun kuwa mutanen da suka fusata sun afka wa ofishinsa suka kwashe abin da suka tarar. Waɗanda suka ga rushewar MMM a ƙarshen 2016 sun san tsohuwar kura ce aka sake wa fata. Duk wanda ya ce maka na'urarsa ba ta faɗuwa a ciniki, tambaye shi dalilin da ya sa yake neman kuɗinka. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

KUƊIN DA BA A FAƊA WAJEN TALLA

Ma'auni na biyu shi ne abin da za ta ci maka a wata, ba abin da ka biya ranar farko ba. Akan ba da na'urar POS da araha, wani lokaci kusan kyauta, domin kamfanin ya san inda zai fanshe: ɗan abin da yake cira a kowane ciniki. Ban da wannan akwai harajin naira 50 na gwamnati a kan kuɗin da aka tura in sun kai naira 10,000, wanda tun watan Disamba na 2024 ya haɗa har da kamfanonin waya. A misali, mai shagon da ake yi wa taransifa 40 irin wannan a yini, naira 2,000 ke nan, a kwana 26 na kasuwa kuwa naira 52,000. Ko mai turawa ne ya biya ko mai karɓa, daga jikin cinikin suke fita. Ga kuɗin data, wanda hukumar sadarwa ta amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Ga caji, ga batir, ga takardar rasit.

Manhajojin ƙasashen waje kuma da dala ake lissafinsu. Wadda ake biya wa dala 20 a wata, kamar ChatGPT na biya, naira 9,200 ke nan lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yuni na 2023. Da dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024, sai ya zama naira 30,000. Don haka kafin ka ɗauki kowace, rubuta aiki guda ɗaya tak da kake so ta yi maka, ka ƙiyasta nawa wannan aiki yake ci maka yanzu na kuɗi ko na lokaci, sa'an nan ka gwada. Idan yaron shago da littafi da biro suna yin aikin daidai, babu dalilin ƙara wa kai nauyi don kawai maƙwabci ya saya.

RANAR DA TA TSAYA FA?

Ma'auni na uku shi ne wanda mu da muke nan Arewa muka fi gani, domin a wajenmu ɗaya bakin zaren yake. Manomin da ya loda kwanduna a Kwanar Gafan, da mai hatsi a Dawanau, da mai shanu a Potiskum ko Maigatari, duk jiran alat suke yi daga Kurmi. Idan an cire kuɗi a can ba su iso nan ba, direba na jira, 'yan dako na jira, zargi kuma ya fara shiga tsakanin mutanen da suka yi shekara 20 suna hulɗa. Ba asarar kuɗi kaɗai ake yi a irin wannan rana ba, har da mutunci, wanda shi ne ainihin jarin fatake.

Tsayawar kuwa ta sha faruwa. Ran 14 ga watan Maris na 2024 wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da dama ta rikice. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, wuraren da dabbobi da kayan gwari masu yawa suke fitowa. Ran 4 ga watan Oktoba na wannan shekara ta 2021 WhatsApp da Facebook suka ɗauke a duniya baki ɗaya na wajen awa shida. A watan Afrilu na 2024 kuma Babban Banki ya dakatar da waɗansu manyan kamfanonin kuɗi na waya daga buɗe sababbin asusu har zuwa watan Yuni.

Darasin da ke ciki a fili yake. Ɗan kasuwa ya riƙe hanya biyu, watau asusu a banki da asusu a kamfanin waya, da layi biyu na kamfanoni daban-daban. Ya tambaya ko kamfanin yana da ofishi a garin da yake zaune, inda zai je ya ga mutum ido da ido. Ya gwada lambar kai ƙara tun kafin matsala ta zo, ya ga ko ana ɗauka. Kada ya saki kaya saboda hoton rasit da aka nuna masa ko saƙon tes, domin alat na jabu ya yi yawa; ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin da idonsa. Game da manhajar rubuta bashi kuwa, tambaya guda ce: zan iya fitar da lissafina in buga shi a takarda duk ranar da na ga dama? Ƙananan kamfanoni suna buɗewa suna rufewa, wanda kuma ya rufe da littafin bashinka ya yafe wa masu bashinka ba da izininka ba. Tsohon littafi kada a jefar da shi.

ABIN DA AI ZA TA IYA DA WANDA BA ZA TA IYA BA

Sai maganar ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ta fito ne a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, Google yana da tasa mai suna Gemini, kuma tun watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya sa tasa a cikin WhatsApp na 'yan Nijeriya, don haka mutane da yawa suna ɗauke da ita a aljihu ba su sani ba. Yadda take aiki shi ne, an cusa mata rubuce-rubuce masu yawan gaske, ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace, sai ta riƙa harhaɗa amsa. Wannan ne ya sa bakinta yake da daɗi, shi ne kuma ya sa takan shirga ƙarya ba tare da muryarta ta yi rawa ba.

Masu ilmi ma sun faɗa wannan rami. A shekarar 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci waɗansu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ta ƙago, waɗanda ba a taɓa yi ba. A watan Fabrairu na 2024 kuma wata kotu a Kanada ta tilasta wa kamfanin jiragen sama na Air Canada ya biya wani fasinja, bayan manhajar da ke amsa tambayoyi a madadin kamfanin ta gaya masa ƙa'idar rangwame ba daidai ba. Hukuncin ya nuna cewa abin da na'urarka ta faɗa wa mai ciniki, kai ka faɗa. Mai shagon da ke shirin sa manhaja ta riƙa amsa wa abokan cinikinsa farashi sai ya yi tunani a kan wannan.

Duk da haka tana da amfani, musamman ga wanda ke zaune cikin mutanen da ba harshensu ɗaya ba. Za ta rubuta maka wasiƙar Turanci zuwa ga mai gidan haya ko ƙaramar hukuma. Za ta fassara maka takardar da aka kawo, ka san inda ta dosa kafin ka kai wa lauya. Za ta tsara maka tallan kaya, ta jera maka lissafi. Amma ba ta san nawa aka sayar da buhun albasa yau da safe a Aliero ba, ba ta san an tare hanya a Lakwaja ko Jebba ba, ba ta kuma san wane mahauci ne mai cika alkawari ba. Wannan ilmi yana wajen dillali da direba. Hukuncin zakkar dukiyarka da halaccin rancen da ake yi maka tayi kuwa, wajen malami za ka kai su.

Ta fuskar harshe an samu ci gaba. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, a 2024 ya ƙara damar yin magana da Hausa waya ta rubuta, a watan Satumba na 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, wadda aka gina don Hausa da Yarbanci da Ibo. Sai dai har yanzu Turancin waɗannan manhajoji ya fi Hausarsu ƙarfi nesa ba kusa ba, domin rubutun Hausa da suka koya daga gare shi kaɗan ne. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka tambaye ta abu goma da ka riga ka san amsarsu a sana'arka: la'ada, da tiya, da kwarya ta goro, da lissafin kuɗin mota. Idan ta yi tuntuɓe a abin da ka sani, ka san matsayin da za ka ba ta a abin da ba ka sani ba.

Akwai kuma haɗarin da ya shafe mu kai tsaye. Cinikinmu yanzu da saƙon murya ake yin sa, ga shi kuwa ana iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa da wannan fasaha. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfani a Hong Kong ya tura wajen dala miliyan 25 bayan ya yi taro ta bidiyo da waɗanda ya ɗauka shugabanninsa ne, ashe duk na bogi ne. Saboda haka idan ka ji muryar maigidanka tana cewa a tura kuɗi wani sabon asusu, kashe wayar, ka kira shi a layin da ka sani.

SIRRINKA DA NA ABOKAN CINIKINKA

Ma'auni na ƙarshe shi ne abin da manhaja take ɗauka daga wayarka. Kyautar da aka ce an yi maka, sau da yawa da bayananka ka biya. Jama'a ba su manta da manhajojin ba da rance ba, waɗanda suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi suna aika wa surukai da abokan ciniki saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta kai musu samame a Ikko a watan Maris na 2022, Google kuma ya hana irinsu shiga lambobi da hotunan mutane daga 2023. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, amma doka bayan ɓarna take zuwa. Idan manhajar lissafi ta nemi izinin ganin lambobinka da hotunanka, tambayi kanka me ya haɗa su. Kada ka rubuta wa AI lambar BVN ko NIN ko lambar sirrinka. Kada kuma ka ba wani aron asusunka don 'yan'uwantaka, domin in kuɗin sata ko na fansa suka bi ta ciki, sunanka hukuma za ta gani.

AIKI YA RAGE GA SHUGABANNI

Gaskiyar magana, mai tura baro ko mai shayi ko mai sayar da doya ba zai iya yin duk wannan bincike shi kaɗai ba. A nan ne Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Agege da Alaba Rago da Shasha da Lokpanta suke da aikin yi. Kowace kasuwa tana da samarin da suka yi karatu. A zaɓi uku ko huɗu masu amana, a ɗora musu binciken lasisin duk kamfanin da ya zo talla, a gwada kayansa a rumfa biyar na wata guda kafin a buɗe masa ƙofa. Ƙungiya mai mutum 1,000 za ta iya sa kamfani ya rage abin da yake cira, ya ajiye wakili mai jin Hausa a cikin kasuwa, abin da mutum ɗaya ba zai samu ba. Su ne kuma za su riƙa sanar da jama'a sababbin ƙa'idoji, kamar umarnin 2024 na cewa masu sana'ar POS su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni.

Wani dalilin da ya sa ba za a yi sakaci ba shi ne sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025, aka tsayar da 1 ga Janairu na 2026 don fara aiki da su. Dillalin da miliyoyi ke ratsa asusunsa, alhali la'ada kawai ce tasa, yana bukatar rubutaccen lissafi da zai nuna wanne ne nasa, wanne ne na masu kaya. Duk manhajar da za ta taimaka wajen wannan ta cancanci a duba ta da kyau.

Zamani riga ne, ba mu ce a ƙi sawa ba. Fataken da suka bar jaki suka hau jirgin ƙasa, suka bar jirgi suka hau tirela, ba za su kasa da wayar salula ba. Abin da muke kira gare shi shi ne a karɓi baƙuwar yadda aka saba karɓar baƙo a zango: a san daga inda ta fito, a san wanda ya tsaya mata, a fara ba ta ƙaramin aike kafin a damƙa mata mabuɗin shago. Allah ya tsare dukiyar jama'a, ya sa albarka a nema, ya mai da kowa gida lafiya, amin.